Ta haddace "moreover" amma ba ta zaɓi ɓangare ba

Daren Lahadi ɗiyar yayata ta kawo min littafinta, tana JSS 3 ne, bana za su zana BECE, wato jarrabawar gama ƙaramar sakandare, an ba su aikin gida wai su rubuta argumentative essay, wato insha'in muhawara da Turanci, a kan makarantar kwana da ta jeka-ka-dawo wacce ta fi. Na karɓa na fara karantawa, layi huɗu na farko duk gaisuwa ce, an gaida ciyaman an gaida alƙalai har da mai duba agogo, alhali malamin bai ce dibet za a yi ba. Daga nan sai firstly, secondly, moreover, furthermore suka jeru kamar motoci a layin mai, amma har na kai ƙarshe ban gane ɓangaren da take ba. Na ce ke wai wacce kika zaɓa? Ta ce Anti ai duka biyun suna da kyau. To fa.

Ban ga laifinta sosai ba, mu ma haka aka koya mana, a haddace kalmomin haɗi a zuba. Sai na ce rufe littafin, da Hausa za mu yi, tunda ko a darasin Hausa akwai insha'in muhawara kuma abu ɗaya ne.

Na fara mata da matsaya, wato abin da malaminsu ke kira thesis statement, jimla ɗaya ce a gabatarwa da za ta faɗi inda kika tsaya, ba kwana-kwana. In babu ita babu muhawara, bayani kawai kika yi. Ta yi shiru can ta ce jeka-ka-dawo. Na ce madalla, rubuta.

Inda muka daɗe shi ne bambancin dalili da hujja, don yara da yawa, kai har manya a Facebook, ɗauka suke abu ɗaya ne. Dalili shi ne amsar "don me", hujja kuma ita ce amsar "ya aka yi kika sani". Ta ce dalilinta iyaye sun fi sa ido a kan karatun yaro in yana gida. Na ce na ji, ina hujja? Ta ce ai kowa ya sani. Na ce kowa ya sani ba hujja ba ce, ra'ayi ne kika sa masa babbar riga. Sai na tuna mata hadisi na 33 a Arba'una da suka haddace a islamiyya, wanda ya nuna mai da'awa shi ke kawo shaida, wanda ya musa kuma rantsuwa ce a kansa. Wallahi nan take fuskarta ta canza, ashe kalmar claim da take ta wahala da ita da'awa ce kawai, evidence kuma shaida. Ta ce to kullum da daddare babanta yana duba littattafanta, ɗan makarantar kwana kuwa sai ranar ziyara ko hutu. Na ce yauwa, ga hujja nan, abin da kika gani da idonki, ba irin "research has shown" ɗin da kuke ƙirƙirowa da alƙaluman ƙarya ba.

Sai counterargument da rebuttal, su ne suka fi ba ta tsoro saboda tsawonsu. Na ce na farko hujjar abokin hamayya ce, na biyu raddi ne, kuma ke gwanar raddi ce in kuna faɗa da ƙaninki kan rimot. Ita a ganinta in ta ambaci amfanin makarantar kwana ta ba da kanta kenan, na ce a'a, ki kawo mafi ƙarfin abin da za su faɗa da kanki, misali akwai firef, wato lokacin bitar karatu, da tsarin lokaci kuma babu wahalar kuɗin mota, sannan ki rusa shi. A nan ne however ke da aiki, ba wai a jefa ta ko'ina don ado ba.

Topic sentence ba mu ɓata lokaci a kai ba, jimlar farko ce ta kowane sakin layi, dalili ɗaya sakin layi ɗaya. Kammalawa kuma ki maimaita matsayarki da wasu kalmomi, kar ki shigo da sabon zance.

Abin da ya sa na dage, nan da shekara 3 WAEC za ta nemi kalma kusan 450 daga gare ta, kuma maki 50 ɗin an raba su ne, 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu. Moreover ita kaɗai ba za ta ciko mata ko ɗaya ba.

Wajen ƙarfe goma ta gama, shafi ɗaya da rabi. Raddinta kan firef shi ne wai a gida ma akwai firef, sunansa Mama, kuma ba a kaɗa mata ƙararrawar tashi. Na ce ki bar shi haka, kawai ki gyara sifelin ɗin discipline.