Godiya Ga Waɗanda Suka Yarda Da Maganar Innarmu

Assalamu alaikum warahmatullah.

A madadin ni kaina da ƙannena da sauran zuri'ar gidanmu, ina miƙa godiya ga duk wanda ya halarci addu'ar da muka yi ranar Juma'ar da ta wuce, ta murnar Innarmu ta sake takawa. Mun gode wa liman da jama'ar masallacin unguwa, da matan da suka kwana a bakin murhu, da 'yan uwan da suka taso daga nesa, da waɗanda ba su samu zuwa ba suka bugo waya. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Mafi yawanku kun san ciwon suga ne ya ci ƙafar Inna ta hagu, har likitoci suka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Kun zo dubiya, kun ba da jini, kun sa hannu a kuɗin tiyata. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne wahalar da ta fi ba mu tsoro sai bayan an sallame mu ta fara. Ɗinki ya kama, dungun ya bushe, amma da dare ya raba sai Inna ta tashi tana salati, tana cewa babban yatsanta na hagu yana ci da wuta, ko kuma ana murɗa mata diddige. Ƙafar da Kawu ya naɗe a ƙyalle ya kai maƙabarta da hannunsa! Wata rana da asuba ta yunƙura za ta yi alwala, ta ɗora nauyinta a kan ƙafar da take ji tana nan daram, sai ƙarar faɗuwarta muka ji.

Nan fa shawarwari suka yi ta zuwa. Wannan ya ce iska ce, wancan ya ce sammu. Akwai wanda ya ce ba a binne ƙafar daidai ba, a je a tono a gyara mata kwanciya. Waɗannan duk ban riƙe su a zuciya ba, don neman mafita suke taya mu. Maganar da ta fi yi wa Inna ciwo ita ce ta masu cewa tsufa ne ya fara taɓa mata hankali, ko raki ne kawai. Daga ranar da wannan ta koma kunnenta sai ta daina faɗa. Ta riƙa cije leɓe tana jan carbi, gari ya waye ka ga idonta ja wur.

Shi ya sa babbar godiyata take zuwa ga wata ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi, wadda ba zan ambaci sunanta ba don ba ta son haka. Mun je a duba dungun ne kawai, sai ta durƙusa gaban keken ta ce, "Mama, ƙafar da aka cire tana yi miki ciwo?" Inna ta dube ni, ta dube ta, ta ce, "'Yar nan, wa ya gaya miki?" Ta ce ba wanda ya gaya mata. A cikin mutum 10 da aka yanke wa hannu ko ƙafa, 6 zuwa 8 suna fama da irin wannan, kuma wanda ya daɗe yana jin zafi a gaɓar kafin a yanke ta ya fi shiga haɗarin. Inna kuwa ta yi watanni da gyambon yatsan nan.

Ta zauna ta yi mana bayani. Ashe ƙwaƙwalwa tana da taswirar jiki gaba ɗaya, kowace gaɓa da gurbinta. Wuƙar likita tana cire ƙafa, amma ba ta goge gurbin. Kamar gidan da aka rushe ne amma sunansa yana nan a littafin mai unguwa, ana ta aika masa takarda. Jijiyoyin da aka datse a dungun suna ci gaba da harba saƙo ta cikin laka, wani lokaci ma bakinsu yakan dunƙule ya zama ƙulli mai zafin taɓawa, ita kuma ƙwaƙwalwa ta fassara saƙon da cewa daga yatsa ya fito. Sanyi da gajiya da damuwa da rashin barci sukan tayar da shi, mu ma mun lura abin ya fi tsanani lokacin hunturu.

Da na koma gida na bi diddigin maganar, na tarar tsohon abu ne a wurin likitoci. Wani likitan sojan Faransa, Ambroise Paré, ya rubuta labarinsa tun a ƙarni na 16. Wani likitan Amurka, Silas Weir Mitchell, ya yi cikakken bayani a kai a 1871, bayan ya duba sojojin da suka rasa gaɓoɓi a yaƙin basasar Amurka. Abin da ya ba ni haushi, gaskiya, shi ne a ce ciwon da aka sani tun wancan zamani har yau ana shiga da mutum ɗakin tiyata a fito da shi ba a ce masa ya sa ran zuwansa ba. Magana ce ta minti biyu da za ta raba tsohuwa da zargin kanta.

Maganin da ya fi ba mu mamaki madubi ne. Wani masanin ƙwaƙwalwa haifaffen Indiya, Ramachandran, shi ya fito da dabarar a Amurka a shekarun 1990, kuma a 2007 aka gwada ta kan masu yankakkiyar ƙafa a asibitin sojoji na Walter Reed, minti 15 kullum har mako 4, aka ga sauƙi. Ana jingina dogon madubi tsakanin ƙafafu, dungun ya ɓuya a bayansa, mai ciwon ya riƙa kallon hoton lafiyayyar ƙafar yana motsa ta a hankali, yana ƙoƙarin motsa wadda babu tare da ita. Ido sai ya gaya wa ƙwaƙwalwa ga ƙafa nan lafiya lau, tana miƙewa tana lanƙwasawa.

Ranar farko Inna ta ce ita ba yarinya ba ce da za a zaunar da ita gaban madubi. Autarmu ce ta lallaɓa ta, ta ƙunsa mata lalle a ƙafar dama, ta ciro madubin jikin sif ɗin matata. Inna ta leƙa ta ga ƙafa biyu jajaye a kan tabarma. Ta yi shiru, can ta ce a sosa mata tsakanin yatsu. Aka sosa na dama tana kallon madubi, ta ce ƙaiƙayin na hagu ya lafa. Auta, Allah ya yi miki albarka. Ke ma uwargida, na gode da haƙurin sif da ya zauna ba fuska.

Kada wani ya ɗauka madubin ne kaɗai, ko kuma kowa yake yi wa aiki. Akwai waɗanda ba ya yi musu komai. An haɗa mata da naɗe dungun da bandeji, da shafa shi da ɗan bubbuga shi har ya saba da taɓi, da ƙwayar gabapentin mai rage zafin jijiya. Likitan da ya rubuta ta sai da ya sa aka auna ƙodarta tukuna, don ta ƙoda maganin yake fita, mai suga kuma dole a kula da tasa. Na gode masa da wannan natsuwar. Ina roƙon jama'a, don Allah, kada a je kemis a sayo wa mai irin wannan ciwo tiramol a ce a kashe zafi. Addu'a da tofi kuwa ba mu taɓa dainawa ba, kuma babu likitan da ya ce mu daina.

Mun gode wa masu haɗa ƙafar roba a asibitin ƙashi na Dala, da suka yi ta gyaran kwaurin har ya zauna mata. Tun da ta fara takawa da ita ciwon ya ƙara ja baya. Bai tafi gaba ɗaya ba, yakan leƙo jefi-jefi, sai dai yanzu tana barci, kuma in ya zo tana faɗa ba kunya. Mun gode wa maƙwabcinmu mai a-daidaita-sahu da ya riƙa kai mu asibiti yana ƙin karɓar ko sisi, da Gwaggo da ta bar gidanta ta tare a ɗakin Inna.

Wanda ban ambata ba ya yafe mini, yawa ne. Keken da ƙungiyar matan unguwa ta saya mata yanzu ba ta amfani da shi, ta ce a ba duk mai buƙata, sai a yi wa Kawu magana. Masu son zuwa gaishe ta kuma a daure a bari sai bayan la'asar, da safe take atisayenta. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.