Abin da aikin malamin gona ya koya min a ƙauyen bakin kanal

Na ajiye aikin malamin gona ƙarshen watan jiya, kuma tunda abokan aiki sai kirana suke suna tambayar me ya faru, wasu ma har sun ji labarin ta bakin da bai kamata ba, na ga gara in rubuta da kaina. Ba zan kama sunan kamfanin ba, ba zan kama sunan ƙauyen ba, waɗanda muka yi aiki tare sun san inda nake nufi. Ƙaramin gari ne a yankin noman rani na Kadawa, inda ruwan dam ɗin Tiga ke bin kanal ya shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam.

Babban abin da na koya a kan gona ne, wato wa ke da ita. Fom ɗinmu na ofis layi ɗaya ya bari: sunan manomi, girman gona, sa hannu. A ƙauye kuwa gona ɗaya za ka tarar hannun mutum biyar a kanta. Ta gado ce ba a raba ba, babban wa ne ke nomawa amma ƙannensa mata da suke gidan aure kowacce da haƙƙinta a ciki, gefe guda an ba da jingina tun lokacin da aka yi jinyar tsohon, wani ɗan yanki aro ne aka bai wa maƙwabci shekara da shekaru har 'ya'yansa sun taso suna zaton tasu ce, kai har bishiyar ɗorawar da ke tsakiyar gonar ma sai ka ji ta wani ce daban. Takarda kuma babu. Dokar ƙasa ta 1978 ta ce ƙasa amana ce a hannun gwamna, ta karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar shaida, amma a garin nan shaidar gona ita ce mai unguwa da maƙwabtan iyaka da gambar da aka dasa a kan iyakar. Kuma wallahi tana aiki, ba su cika rikici ba sai in baƙo ya shigo da kuɗi.

To mun raba iri da taki da maganin feshi bashi, a biya da buhunan shinkafa shanshera in an yi girbi, kun dai san tsarin. Sai 2023 ta zo. Farkon shekara aka yi ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira, garin ba banki, mai POS ɗin ma ba shi da abin bayarwa, mutum ga shinkafarsa ta isa dashe ba kuɗin sallamar 'yan ƙwadago. Ana cikin farfaɗowa ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, mutanen garin kuma gonakinsu a ƙarshen kanal suke inda ruwa ba ya isowa sosai saboda yashi da ciyawa sun cike hanya, dole sai da injin ban-ruwa, fetur kuma ya ninka har ya wuce. Wanda ya saba ban-ruwa sau uku ya koma sau ɗaya. Amfanin ya zo ba auki, da yawa suka kasa cika buhunan da ake binsu.

Nan ne oganmu ya zo da sabuwar takarda da Turanci, ya ce in bi gida-gida in karɓo dangwale. Da na zauna na karanta sai na ga abin da ke ciki: duk wanda bai biya ba zuwa wani lokaci ya yarda gonarsa ta koma hannun kamfani, a noma ko a ba wani haya har sai an fanshe bashin da kuɗin ɗawainiya, ba a kuma faɗi iyakar ɗawainiyar ba. Na ce masa, Yallaɓai, akasarin gonakin nan fa ba na masu sunan ba ne su kaɗai. Ya ce min ba a ɗauke ni aikin alƙalanci ba, in kawo dangwale kawai.

Akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu bayan ya karɓi kayan, ko takaba ba ta gama ba. Ita a shari'a tumuni ne nata tunda akwai 'ya'ya, sauran na marayu ne, kuma gonar ma asalinta ba a raba tsakanin mamacin da 'yan'uwansa ba. Da na je ta bayan labule take min magana, ta ce, "Ɗana, in dai na sa hannu za a bar mu mu huta to kawo in sa, ni ban san abin da ke ciki ba amma na san ba za ka cuce ni ba." Na ce, "Inna, ki dakata tukuna." Ban karɓa ba. Na wuce wurin dagaci na ce, Ranka ya daɗe, ina so a tara mutane in karanta musu takardar nan da Hausa, wanda ya ga ya yarda ya dangwala a gabanka. Bayan la'asar aka taru a ƙofar fada na karanta layi-layi, ban ƙara ba ban rage ba, ban ce wa kowa kar ya sa hannu ba. Ko mutum ɗaya bai sa ba.

Abin da ya biyo baya waɗanda ke ofis sun gani. Takardar tuhuma, wai na tunzura manoma. Aka tsayar da alawus ɗina na man babur, ni na ci gaba da zuba mai daga albashina don kar in bar mutanen da na fara aiki da su a tsakiyar damina. A taron wata-wata gaban yaran da ni na koya musu auna gona oga ya miƙe ya ce akwai masu cin albashin kamfani suna yi wa ƙauyawa aiki. Kalmar ƙauyawan nan yadda ya furta ta har yau tana min ciwo, mutanen da guminsu ne ke biyan albashinsa da nawa.

Dagaci da limamin garin da sarkin noma su suka zauna suka tsara yadda za a biya, kaɗan a kaka, sauran bayan girbin rani, wanda ya gaza 'yan'uwansa su tallafa, na marigayin kuma aka fitar daga abin da ya bari kafin a raba gado kamar yadda addini ya ce. Akasarinsu sun biya, ba gonar da ta salwanta. Da rahoton ƙarshen shekara ya fito sai na ga an rubuta tsarin a matsayin dabarar oga, sunana kuma yana shafin masu buƙatar gyaran hali. Na yi haƙuri na ƙara zama don mutanen garin, da na ga ƙarin girma ya tsallake ni ya faɗa kan wanda na horar sai na rubuta takardata.

Sauran darussan gajeru ne. Kar ka sa taro ranar kasuwa. Ka fara gaida mai unguwa kafin ka taka gonar kowa. In kana son sanin gidan da zai iya biyan bashi kar ka kalli babur ɗin maigida, tambayi ko matan gidan na turara shinkafa suna adashe. In dattijo ya yi maka gardama kan maganin feshi saurare shi, tun tsutsar sharon da ta cinye tumatir a 2016 suka daina yarda da duk abin da aka zo da shi a kwalba, kuma da hujjarsu.

Garin kam zan yi kewarsa. Duk wanda aka tura can kar ya zauna ɗaki ranar hutu, ya hau babur ya je Tiga ya ga dam ɗin da aka gina zamanin Audu Bako, ya tsaya tafkin Bagauda a hanya, lokacin tumatir kuma ya leƙa Kwanar Gafan ya ga yadda ake lodin kwanduna a manyan motoci zuwa Legas. Abin da ke damuna shi ne gonakin da ke kusa da titin Kano zuwa Zariya, mutanen birni na ta saye suna kafa turaku su tafi su bar wurin ba noma, dillalai kuma magada matasa suke bi da maganar kuɗin babur ko na aure.

Wanda zai gaje ni, takardar nan tana nan a kwamfutar ofis ba a goge ba, kuma duk shekarar da amfani ya yi kasa za a sake fito da ita. In an miƙo maka ka nemi a fassara ta da Hausa a karanta a gaban dagaci kafin kowa ya dangwala, ka kuma ajiye kwafin duk rahoton da ka tura, da kwanan wata.