Makon da na ce Rickenbacker ta mutu

Jiya na miƙa wa maigida makullan shago, muka yi musabaha kamar babu komai a tsakaninmu. Shekara 6 na yi a bayan kantar nan ta birnin Nashbil ina gyaran tsofaffin jitoci, ina kuma kimanta kuɗinsu. Mafi yawansu irin waɗanda ake kwantarwa a cinya ne a riƙa goga musu guntun ƙarfe, wato jitar Hawai. Duk wanda ya taɓa sauraron kaset ɗin Sunny Ade ya ji kukan ƙanwarta mai feda. Yaran da suka shigo bayana sun matsa in rubuta musu abin da na koya. To, kusan duka a mako ɗaya na koye shi, kuma da zafi.

Ina cikin shekarata ta biyu aka kawo kayan wani dattijo da ya rasu, jita 4 a akwatunansu masu warin ajiya. Maigida ya ce in jona su ɗaya bayan ɗaya a amfilifaya guda, in rubuta yadda kowacce ke magana, da abin da na rubuta zai yanke farashi. Ranar na ji kaina ya kumbura.

Na fara da Gibson EH-150, irin wadda aka soma yi a tsakiyar shekarun 1930. Muryarta kauri gare ta da taushi, ba ta ɗaga wa kowa hankali, kamar dattijuwar da ba ta buƙatar ɗaga murya kafin a saurare ta. Sai Fender Champion, wadda ta fito a 1949, mai tsini da haske, tana ratsa ɗaki. Sai Supro ta kamfanin Valco na Shikago, wadda tsirkiyoyinta ke bi ta cikin fikof ɗin, wato maganaɗisu da naɗin wayar tagulla da ke ɗaukar sautin tsirkiya zuwa amfilifaya: ita wannan masifaffiya ce, kana ɗan ƙara murya take fara gurnani, shi ya sa masu kiɗan rok suke binta. Duk waɗannan na rubuta su daidai, har yau ina tsaye a kan abin da na faɗa.

Ta ƙarshe ita ce Rickenbacker Model B, baƙa wuluk, jikinta na bekalayit, robar nan mai tauri ta tsofaffin wayoyin tarho. A 1935 aka fara yin irinta. Wannan ta kafin yaƙin duniya na biyu ce, domin maganaɗisunta biyu masu siffar takalmin doki faɗinsu inci 1 da rabi, na bayan yaƙi kuwa inci 1 da kwata ne. Irinta makaɗin Amurka Jerry Byrd ya yi suna da ita, kuma na sha jin ana cewa idan ka taɓa tsirkiyarta amon sai ya ga dama yake ɗaukewa. Na jona ta ina zumuɗi, sai na ji wata siririyar murya kamar ta mai mura. Na sake gwadawa, haka. Na ɗauki biro na rubuta: fikof ya mutu, sai an sake naɗin waya. Ko tsirkiya ban canza mata ba.

Wanda ya san harkar ya san abin da kalmar nan take yi wa farashi. Maigida ya sallama ta da araha ga wani dillali da ke yawan leƙo mu. Bayan mako biyu mutumin ya dawo da ita, ranar Asabar shago cike, ya ce a ba shi aron amfilifaya. Bugu ɗaya ya yi kowa ya juyo. Amo ne cikakke, mai nishi a ƙasa da zaƙi a sama, ya ƙi ƙarewa. Bai taɓa wayar tagullar ba. Maganaɗisun ne ƙarfinsu ya zube saboda tsufa, ya kai aka sake cajinsu, aikin 'yan mintoci, ya sa sababbin tsirkiyoyi.

Maigida ya dube ni a gaban mutane ya ce, "Ai laifina ne da na ba kunnen da ya tashi da jin ganga aikin jita." Aka yi dariya. Ni kuwa na tashi ne ina jin goge da kukuma, waɗanda su ma yatsa ke lalubo murya a kansu babu wani ƙarfen da ya raba maka wuri, amma na haɗiye. Ƙarshen wata ya zaftare wani abu daga albashina. Abin da bai faɗa wa jama'a ba shi ne wata uku kafin nan na roƙe shi ya sayo ɗan abin auna ƙarfin maganaɗisu, ya ce shekara 30 yana sana'a da kunnensa kawai. Kuskuren nawa ne, ban musa ba. Amma shi ma ya ɗaga jitar nan, ya juya ta, ya sa hannu a takarda.

Kunnena bai yi ƙarya ba, muryar da na ji siririya ce. Inda na faɗi shi ne da na ɗauka jitar nake ji, alhali shekarunta a cikin akwati nake ji. Tun daga lokacin ba na kwatanta tsofaffin jitoci sai na sa musu tsirkiya iri ɗaya sabuwa, na ɗaure su a sauti ɗaya, na auna naɗin wayar da mita, na auna maganaɗisu, na yi amfani da guntun ƙarfe ɗaya, kuma hannuna na dama yana bugu a nisa ɗaya daga gada, inda tsirkiyoyi ke zaune a gindin jitar. Matsar da hannu inci 2 kawai yana iya mayar da Gibson ta yi kama da Fender. Sai an yi duk wannan sannan bambancin gaskiya yake fitowa, kuma sau da yawa bai kai yadda masu sayarwa ke kururutawa ba.

Sauran 'yan ƙanana ne. Jitar Rickenbacker ta 1932 da ake wa laƙabi da kaskon suya, jikinta alminiyam ne, zafin fitila na sa shi ya saki sauti, kada ka zargi maɗaurai. Bekalayit ba ya yafe faɗuwa. Wasu Supro ɗin maganaɗisu ɗaya ne a cikinsu, ɗayan katako ne aka shafa wa fenti, ka duba kafin ka yaba. Doguwar Fender Stringmaster mai inci 26 ta fi riƙe amo, gajeriya mai 22 da rabi ta fi sauƙin karkata ƙarfe. Kada ka rubuta hukunci da yamma bayan ka wuni kana jin ƙara.

Bara maigida da kansa ya sayo wata Champion da tsada, yana ta yabon muryarta. Masu jitar Fender Telecaster sun daɗe suna farautar fikof ɗin Champion saboda kamarsa da na farkon jitarsu, don haka na kwance ta. Liƙin dalmar sabo ne fil yana ƙyalli, wayar kuma mai rigar roba ce maimakon ta zare. An cire na asali tuntuni. Na ajiye masa a kan tebur a buɗe, ban ce uffan ba. Shi ma bai ce ba, kuma ban ga an zaftare wa kowa albashi ba.

Abin awon maganaɗisun da kuɗina na saye shi. Yana cikin jakata, na taho da shi.