Ƙurajen goshi da man kitso

A Gusau, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma mai fata irin tawa ba ta kai azahar sai fuska ta hau ƙyalli. Maiƙon nan fata ce da kanta take fitar da shi. Idan ya haɗu da matacciyar fata suka toshe ƙofofin gashi, nan ƙuraje ke tsirowa. Abin da ya ɗaure min kai shi ne nawa duk a goshi suke, daidai inda bakin hijabi ke zama, kumatu kuwa lafiya lau.

Mai yi min kitso ce ta gano bakin zaren. Ta goga yatsa a tsagar kitsona ta miƙo min shi yana naso. Ta ce, "Ɗiyata, kanki da mainai ya zo, ki daina ƙara mishi." Mun saba ana gama kitso a bi kowace tsaga da man gashi mai kauri. Zufa ta narkar da shi ya gangaro goshi, hijabi ya shanye, gobe a sake yafa shi.

Sai na koma shafa man a ƙarshen gashi kawai, inda yake karyewa. Fatar kai kuwa wanki take so, ko da kitson ba a tsefe ba, kusan kowane mako. Da yake ina da amosani, nakan yi amfani da shamfu mai ketoconazole, in bar kumfar minti 5 kafin in ɗauraye, kuma ba na rufe kai sai ya bushe sarai. Ɗankwalin auduga a ƙarƙashin hijabi, a canza shi akai-akai. Rigar matashi ma haka.

Wanke fuska sau biyu a rana ya isa, ban da alwala. Sabulun salo yana busar min da ita har ta yi tauri, don haka na koma mai laushi. Likita ya rubuta min benzoyl peroxide mai kashi 2.5, a shafa siriri da dare, ya ce kada in sa ran ganin canji kafin sati 6 zuwa 8. Yana koɗar da launin tufafi, ya ɓata min tawul mai kyau. Akwai wani maganin ƙuraje na shafawa ma, adapalene, amma mai ciki ba ta amfani da shi.

Tabo ne ya fi cin rai. Baƙin tabon da ƙurji ke bari yana dushewa da kansa cikin watanni, muddin ba a matsa ƙurjin ba, kuma an kare shi daga rana, domin rana ce ke ƙara masa duhu. Man kare rana mai SPF 30 nake shafawa kullum safe, har da hunturu. Lemon tsamin da ƙawaye ke cewa a goga, ƙona fata yake yi ya bar sabon tabo.

Man haɗin da ake tallarsa a gidajen biki da WhatsApp kuwa, ban yarda da shi ba. Yawancinsa akwai sinadarin steroid irin su clobetasol a ciki: fuska ta yi fes na ɗan lokaci, daga baya fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su dawo fiye da da.

Tabon da ya yi rami daban ne. Ina da irinsa kusa da gira, kuma babu man da ya taɓa cike shi. Wannan aikin likitan fata ne, shi ma sai ƙurajen sun lafa tukuna yake taɓa shi.