Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ƙugiyar da Helvetica ba ta da ita

Makon jiya na tsaya a inda na bar shagon kawuna a Kano na tafi Zariya karatun zane. Kafin wannan tafiya shekara uku na yi a gaban kwamfutar shagon, ina haɗa katin biki da kalandar 'yan siyasa da manhajar zane ta CorelDRAW. Dokar shagon guda ɗaya ce: ba a barin fili. Mai kati ya biya kuɗin takarda, to a cika masa ita. Fure a kusurwa huɗu, sunan amarya da ruwan gwal, inuwa a bayan kowane harafi, salon rubutu kala biyar a kati guda. Idan wani lungu ya rage fari, kawu zai leƙo ta bayana ya ce, "Kai yaro, nan fa? Ko gyaɗa za mu shuka a wurin?"

Da wannan hannu na shiga aji, ina ji da kaina, don duk cikin abokan karatuna babu wanda ya kai ni saurin aiki.

A zango na biyu ne malaminmu ya kashe fitila ya haska mana wata fosta a bango. Baƙi da fari ce kawai. Wasu ɓarin da'ira ne suke zagaye juna, kowanne ya ninka na gabansa kauri, sai 'yan rubutu ƙanana a jere a gefe guda, da sunan Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa, babu ko babban harafi. Malam ya ce Josef Müller-Brockmann ne ya zana ta a 1955, don wani taron kiɗa a Zurik ta ƙasar Suwizalan. Na ɗaga hannu na ce, "Malam, an gama ta kuwa?" Aji ya fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya miƙo mini rula ya ce in je in auna.

Na auna. Babu layin da ya faɗo wurin da ka. Gefen rubutun ya yi daidai da inda da'ira ta yanke, tazarar layi da layi ɗaya ce, farin da nake gani asara shi ne yake jan ido ya kai shi kan sunan. Ranar na koma ɗaki na buɗe tsofaffin katunana, kunya ta hana ni kallon na uku.

Daga nan sai na zama ɗan laburare. Na karanta labarin Bauhaus, makarantar zane da Walter Gropius ya kafa a Weimar ta Jamus a 1919, ta koma Dessau a 1925, 'yan Nazi suka matsa mata lamba har ta rufe a 1933. Shekara goma sha huɗu kacal ta yi a duniya. A can ne Herbert Bayer ya ce a daina manyan haruffa gaba ɗaya, tunda baki ba ya furta babba da ƙarami. A Jamusanci, inda kowane suna da babban harafi yake farawa, wannan tawaye ne sosai. Ni kuwa dariya abin ya ba ni, don ajamin da kakata take rubuta lissafin adashi da shi bai taɓa sanin wani babban harafi ba.

Amma wadda ta tafi da hankalina ita ce Helvetica, wani salon haruffan bugawa. Max Miedinger ya zana ta a 1957 wa maɗaba'ar haruffa ta Haas da ke kusa da Basel, da sunan Neue Haas Grotesk, aka sauya mata suna a 1960 don ta shiga kasuwar duniya. Ba ta da 'yan ƙafafun nan na ƙarshen haruffa, ba ta da ado, tana tsaye kamar ɗan sandan fareti. Na so ta so na hauka. Har jadawalin girkin ɗakinmu da ita na buga.

Aikin ƙarshen zango shi ne fosta kan wanke hannu, da harshen da mutum ya ga dama. Na zaɓi Hausa. Na raba takardata gida-gida kamar yadda Suwisawa suke yi, na ɗauki ja da baƙi kawai, na buga: ƙazanta ba ta da riba. Sai ga ɗan akwati a madadin ƙ. Na goge na sake, akwati dai. Na gwada ɓ da ɗ, haka. Kwafin Helvetica da ke kwamfutata bai san da zamanmu ba. Haruffan da littattafai suke ta cewa na kowa da kowa ne, ashe kowa ɗin ya tsaya a bakin Bahar Rum.

Abokin ɗakina ya ce in sa k kawai in huta, ai kowa zai gane. Na ce masa a shagon kawu mun taɓa buga wa wani mai sayar da ƙofa allon talla babu ƙugiya, bai biya ba sai da aka sake. Kuma wanda bai bambanta kafa da ƙafa ba, ina zai kai?

Dare uku na yi a kan harafi ɗaya. Na yanko kan f na ɗora a kan k, ta fito kamar an yi mata dashen wuya. Na rage lanƙwasar, sai ta ɓace daga nesa. Na ƙara, sai ta ture harafin a da ke kusa. A dare na uku na ajiye kwamfuta na ɗauko alƙalamin kara irin na makarantar allo, na yi ta jan ƙ a takarda har na gane cewa kaurin sanda yana ɗan raguwa kafin ya karya. Da wannan na koma na gyara.

Ranar duba aiki Malam ya daɗe a gaban fostata, ya cire tabarau ya matso har hancinsa ya kusa taɓa takarda. Ya ce, "Wannan ƙ ɗin a ina ka samo ta?"

Abin da ya biyo baya, da yadda aka kwashe da kawu ranar da na kai masa fostar har Kano ya ga rabin takarda fari fat, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.