Aikin matuƙin jirgi tun yana ƙasa

Na ajiye tuƙin jirgin fasinja, kuma duk sanda na tuna aikin, lissafin da muke yi kafin a rufe ƙofa ne ke fara zuwa mini. Da zarar jirgi ya daidaita a ƙafa 35,000, na'ura ce ke riƙe da mafi yawan tuƙin.

Mai ake fara lissafawa. Akwai na tafiyar kanta, a ƙara kashi 5 cikin ɗari saboda iska ko sauyin hanya, a ƙara na zuwa wani filin idan na farko ya ƙi sauka, sannan na shawagin minti 30 wanda ba a taɓa shi sai ta ɓaci. Kyaftin na da ikon neman ƙari, ni kuwa in hasashen yanayi ya nuna hadari ko hazo, sai na ƙara, ko da kamfani zai yi gunagunin nauyi. Ma'aunin ma sai an duba shi da ido. A 1983 mai ya ƙare wa wani Boeing 767 na Air Canada a sama saboda an rikita fam da kilo, ya sauka a garin Gimli na ƙasar Kanada ba inji ko ɗaya da ke aiki.

Sai gudun da muke kira V1, wanda jirgi ke kaiwa a kan titi lokacin tashi. Idan inji ya mutu kafin a kai shi, a taka birki. Idan an wuce shi, tashi za a yi da injin da ya rage, don sauran titin ba zai isa tsayawa ba. Lambar tana sauyawa da nauyin jirgi, zafin rana, da jiƙewar titi, shi ya sa ake lissafa ta sabuwa a kowane tashi. Mataimaki na kiran V1, kyaftin zai janye hannu daga sandar inji, kada hannun ya riga hankali. Duk wata shida muke maimaita wannan a na'urar kwaikwayon jirgi.

Ƙasa da ƙafa 10,000 ba a hira a ɗakin tuƙi. A ƙafa 1,000 cikin gajimare, in gudu ko saitin jirgi bai daidaita ba, a fasa saukar a sake zagayowa. A nan girman kai ke cin matuƙa, musamman tsofaffin hannu. Tun bayan karon da jirage biyu suka yi a filin jirgin tsibirin Tenerife na Spain a 1977, inda mutum 583 suka rasu, ake horar da mataimaki ya buɗe baki, kuma in ya ce a fasa, kyaftin ya tura inji kawai, muhawara sai an sauka.