Tambayar da wani dattijo ya yi mini a Mile 12

Shekara biyu na yi ina aiki da wani ƙaramin kamfani a unguwar Yaba da ke Ikko, muna haɗa manhajar da za ta ji Hausa ta amsa da Hausa. Irin wannan ƙirƙirarriyar basira ba ta koyon magana sai an tara mata muryoyin mutane masu ɗimbin yawa, kowace murya tare da rubutun abin da mai ita ya faɗa. Ni kaɗai ne Bahaushe a ofishin, don haka tattaro muryoyin a wuyana ya faɗo. Na zagaya Agege da Idi-Araba da Alaba Rago, amma babu inda ya kai kasuwar Mile 12, inda a rumfa guda za ka ji Kananci da Katsinanci da Sakkwatanci da Hausar mutanen Nijar.

Nakan miƙa wa mutum waya ya yi hira ta minti goma, in ba shi ɗan kuɗin kati, ya sa hannu ko ya dangwala a takarda. Takardar shafi uku ce, da Turanci. Abin da nake gaya musu kawai shi ne aikin raya Hausa ne. Ban yi ƙarya ba, amma na bar mafi yawan maganar a cikin takarda.

Wata rana da hantsi, an gama sauke motocin gwari, na zauna da wani dattijo dillalin albasa. Yana kan buhu, carbi a hannu, ya ba ni labarin zuwansa Ikko a jirgin ƙasa tun yana saurayi, ya ambaci garinsu da sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Da na miƙa masa biro sai ya riƙe bai rubuta ba, ya ce, "Yaro, in na mutu, muryar nan tana hannun wa?"

Na ce, "Tana wajen kamfani, Baba."

Ya ce, "In sun sayar fa? Wanda ya saya zai iya sa ta ta faɗi abin da ban faɗa ba?"

Na rasa ta cewa. A motar komawa gida na karanta takardar nan tun daga farko har ƙarshe, abin da ban taɓa yi ba duk da mutanen da na sa suka dangwala. A shafi na uku aka ce kamfani na iya miƙa muryoyin ga abokan hulɗarsa, ba a faɗi su waye ba, ba a kuma sa wa'adi ba. Ga shi na san akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan gajeren sautinsa.

Wanda bai san kasuwar gwari ba ba zai gane nauyin wannan ba. A can murya ita ce sa hannu. Dillali zai tura saƙon murya ta WhatsApp zuwa Kano ko Zariya ya ce a loda mota, a loda, ba takarda ba shaida, saboda an san muryarsa an kuma san bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Shekaru aka yi ana gina wannan amana. Ni kuma ina karɓarta da kuɗin kati, ina kai ta inda ni kaina ban san ƙarshensa ba.

Doka ma ba ta goyon bayana. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ce sai mutum ya san abin da ya yarda da shi, kuma yana da damar janye yardarsa. Wanda ya dangwala a takardar da ba ya iya karantawa, ina sanin yake? Na kuma tuna rahoton mujallar Time na Janairun 2023 kan ma'aikatan Kenya da suka tace munanan rubuce-rubuce domin ChatGPT, manhajar nan mai amsa tambayoyin mutane, a kan abin da bai kai dala 2 a awa ba. Lokacin da na karanta, tausayinsu na ji, ban kawo cewa ni ma ina tsaye tsakanin talaka da na'ura ba.

Na kai maganar ofis. An yi ta ja-in-ja, domin kowa na kallon adadin awannin da aka ce mu tara. Daga ƙarshe aka amince in naɗi bayanin da Hausa, mutum ya saurara kafin ya buɗe baki, a kuma ba shi lambar da zai kira in yana so a goge tasa. Batun abokan hulɗa ba a cire shi ba, amma na dage sai an faɗa a cikin bayanin ƙarara. Da yawa da suka ji wannan sai su ce a'a, aikina ya ragu, kuma har yau ina ganin a'ar nan ta fi mini dangwalen da na tara a baya.

Bayan mako uku na koma wajen Baba. Ya kara wayar a kunne ya saurari bayanin har sau biyu. Ya ce labarin jirgin ƙasa a bar shi, yara su ji yadda ake Hausa. Inda ya ambaci 'ya'yansa da garinsu kuwa, a gabansa na goge, ya leƙa ya gani, sannan ya karɓi biro.